Yadda za ka shirya ziyarar Almunyekar, garin bakin teku da Abdurrahman Addakhil ya sauka a Andalus

Tun da na fara ba da labarin Almunyekar, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini: to, ta ina mutum zai fara? Wasu masu tambayar malamai ne da suka karanta tarihin Andalus a littattafan Larabci, suna son gani ya kori ji. Wasu kuma magidanta ne masu neman inda za su kai iyali hutun mako guda, nesa da hayaniyar Madrid da Barcelona. Maimakon in riƙa amsa wa kowa shi kaɗai, ga matakan nan na jera su yadda ya kamata a bi su.

Garin yana lardin Granada a kudancin Sifaniya, a bakin tekun Bahar Rum, mazaunansa kimanin 27,000. A allon hanya da tikitin mota za ka ga an rubuta Almuñécar, Larabawa kuwa Almunakkab suke ce masa. A gaɓarsa ne Abdurrahman Addakhil, ɗan gidan Banu Umayya da ya tsere wa Abbasawa, ya sauka a shekarar 755, shekara guda kafin ya zama sarkin Kurɗuba. Wannan ya isa a tarihi, sauran za mu tsinta a hanya.

Mataki na 1: Tsayar da lokaci

Watannin Mayu da Yuni, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, su ne lokacin zuwa. Rana tana nan, ruwan teku ba ya da sanyin da zai kore ka, kuma masauki bai yi tsada ba. In so samu ne ni Oktoba na fi so, domin a lokacin ne 'ya'yan itatuwan yankin ke nuna.

Gargaɗi: ka kauce wa Agusta. Watan hutun mutanen ƙasar ne, garin yakan cika maƙil, kuɗin ɗaki ya ninka. A tsakiyar watan kuma ake bikin garin, wanda ake rufewa ranar 15 ga Agusta da wasan wuta a bakin teku, kiɗa har tsakar dare. Mai tafiya da ƙananan yara ko dattijo ba zai samu barci ba.

Mataki na 2: Tikitin Alhamra kafin komai

Mutane kan yi mamaki idan na ce wannan ne abu na farko da za a saya. Dalilin shi ne babu wanda zai je Almunyekar ya dawo bai shiga fadar Alhamra ta Granada ba, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba ce tsakaninsu, kuma tikitin shiga yakan ƙare makonni kafin ranar. Ka shiga shafin hukumar da ke kula da fadar, ka ga ranakun da ke da gurbi, ka saya, sannan ka gina sauran tafiyarka a kan wannan rana. Kuɗin kimanin Yuro 20 ne ga babba. Ko da biza ba ta fito ba, asarar ba ta taka kara ta karya ba.

Ka tabbata tikitin ya haɗa da Palacios Nazaríes, wato ɗakunan sarakunan Banu Nasr, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a Granada. Akwai mai rahusa wanda lambuna kawai yake shigar da mutum, kuma da yawa sukan saye shi bisa kuskure. Suna da lambar fasfo da ka rubuta su zama daidai da na fasfon da za ka riƙe ranar, don ana dubawa a ƙofa.

Mataki na 3: Biza

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi faɗuwa. Bizar da kake nema ita ce ta ɗan gajeren zama ta yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, wadda ba ta wuce kwana 90 a cikin kwana 180 ba. A Najeriya kamfanin BLS ne ke karɓar takardu a madadin ofishin jakadancin Sifaniya. Mazauna wasu ƙasashe su fara da shafin ofishin jakadancin Sifaniya na ƙasarsu, nan za su ga inda ake miƙawa.

Ana iya miƙa takardu tun saura wata 6 a yi tafiya. Bisa ƙa'ida amsa tana fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kai kwana 45, ga kuma jiran samun ranar ganawa. Saboda haka ka fara aƙalla wata 3 kafin ranar tashi.

Abubuwan da za ka haɗa:

Fasfo wanda aka yi shi cikin shekara 10 da suka wuce, mai sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka baro Turai, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Fom ɗin neman biza da ka cike ka sa hannu, da hoton fasfo sabo. Inshorar lafiya ta tafiya wadda za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000, kuma ta shafi dukkan ƙasashen Shengen, ba Sifaniya kaɗai ba. Shaidar kama kujerar jirgi zuwa da dawowa. Shaidar kama masauki na kowane dare. Bayanin asusun banki na watannin baya, mai hatimin banki. Sai takardar wurin aiki da ta nuna an ba ka hutu, ko takardun rajistar kasuwancinka da na haraji. Mai tafiya da iyali ya haɗa da takardar aure da ta haihuwar yara, idan kuma ɗaya daga cikin iyaye ne kawai zai tafi da yaro, a haɗa da takardar amincewar ɗayan.

Kuɗin biza tun Yunin 2024 Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12, na ƙasa da 6 kyauta. Ban da wannan akwai ladan kamfanin da ke karɓar takardu. In an hana ka biza, ba a mayar da ko sisi.

Sifaniya tana da adadin kuɗin guzuri da take son ta gani. A shekarar 2025 Yuro 118.40 ne kowace rana ga kowane mutum, kuma komai gajartar zamanka kada ya gaza Yuro 1,065.60. Adadin yana bin mafi ƙarancin albashin ƙasar, don haka yakan ɗan ƙaru duk shekara.

Ga kura-kurai uku da na ga sun fi kayar da mutane. Na farko, a ranto kuɗi masu yawa a zuba a asusu ana saura mako guda a miƙa takardu. Masu dubawa sun saba ganin irin wannan, kuma abin da suke nema shi ne kuɗi masu shiga da fita a kai a kai, masu dacewa da sana'ar da ka ce kana yi. Asusu matsakaici mai motsi ya fi cikakke wanda ya cika jiya. Na biyu, a ba wani dillali ya haɗo takardar otal ta bogi. Sukan kira otal ɗin su tambaya, in ba a san da kai ba, magana ta ƙare, kuma tabon zai bi ka zuwa nema na gaba. Akwai otal-otal da yawa da ke bari ka kama ɗaki ka soke ba tare da an cire maka komai ba, ka yi amfani da su. Na uku, ranaku su saɓa: fom ya ce kwana 8, otal kwana 6, inshora kwana 7. Ka shimfiɗa takardun a tabarma ka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ka fita gida.

Kada ka biya cikakken kuɗin jirgi sai biza ta shigo hannu.

Mataki na 4: Jirgi da kaya

Filin jirgin da za ka nufa shi ne na Malaga. Granada tana da nata, amma ƙarami ne. Daga Kano, Abuja, Yamai ko Akara dole sai an ya da zango, yawanci a Kasablanka, Istanbul, Paris ko Frankfurt. Ta Kasablanka ce mafi gajarta. In ka bi ta Paris ko Frankfurt, a can ne jami'an shige da fice za su tantance ka, don haka ka bar aƙalla awa uku tsakanin jirage biyun, kuma takardun otal da inshora su kasance a jakar hannu, a buge a takarda.

Gargaɗi: kada arhar tikiti ta ja ka ta Landan. Ingila ba ta cikin Shengen, kuma mai fasfon Najeriya yana bukatar bizar wucewa ta daban ko da ba zai fita daga filin jirgi ba.

Gargaɗi na biyu ya shafi tsaraba. Dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar fasinja. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk ana ƙwacewa, ana kuma iya cin mutum tara. Yaji da garin kunu ba nama ba ne, amma ka ƙulle su da kyau. Kuɗin hannu in ya kai Yuro 10,000 wajibi ne ka bayyana shi ga jami'an kwastan.

Ka sa takalmin tafiya mai taushi, don tsohon gari hawa ne da gangara. Mai zuwa daga Najeriya ko Gana ya sayi kan caja mai baki biyu zagayayyu, irin namu mai baki uku ba ya shiga soket ɗinsu.

Mataki na 5: Daga Malaga zuwa garin

Jirgin ƙasa ba ya zuwa Almunyekar. Tsakanin garin da filin jirgi kimanin kilomita 80 ne, tasi zai ci sama da Yuro 100. Hanya mai sauƙi ita ce ka fito daga filin jirgin ka shiga ƙaramin jirgin ƙasa mai lamba C1, ka sauka a tashar María Zambrano. Minti kaɗan ne, kuɗin kuma kusan Yuro 2. Babbar tashar mota tana daura da ita. Ka nemi tagar kamfanin ALSA, ko ka saya tun da wuri a manhajarsu. Kuɗin wajen Yuro 10 ne, tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, gwargwadon yawan tsayawa.

A kula: C1 ɓangare biyu yake tafiya. Wanda aka rubuta Málaga Centro a goshinsa shi ne naka, na Fuengirola yamma zai yi da kai. Haka kuma wasu motocin wucewa suke yi zuwa Almeriya, Almunyekar zango ne kawai a hanya. Gajiyar jirgi tana sa barci, don haka da ka ga an wuce Nerja an tsaya a La Herradura, ka tattara kayanka.

Mataki na 6: Masauki

Ka nemi wuri tsakanin gaɓar San Cristóbal da ta Puerta del Mar. Daga nan komai da ƙafa ake zuwa. Ga iyali, hayar gida mai kicin ta fi otal, saboda dalilin da zai zo a batun abinci. A watannin da na ambata ka ware Yuro 60 zuwa 100 a dare. Gidajen da ake tallatawa da arha da kyakkyawan hango yawanci a kan tsauni suke, ba ka iya zama a cikinsu sai da mota. Ka duba taswira kafin ka biya. Duk inda ka sauka za a nemi fasfon kowa a rubuta, doka ce.

Mataki na 7: Zagaya garin, daga ƙasa zuwa sama

Kwana ɗaya ya isa a ga manyan wuraren in an bi su a jere, amma kada ya zama Litinin, ranar da ake rufe ganuwar San Miguel da gidan tarihin garin. Sauran ranaku ma ana rufewa da tsakar rana a sake buɗewa da yamma, Lahadi kuwa da safe ne kawai.

Fara da ƙarfe 10 a Palacete de La Najarra, wani gida da aka gina a ƙarni na 19 da salon ginin Larabawa, wanda yanzu shi ne ofishin baƙi. Ka karɓi taswira kyauta, ka tambayi lokutan buɗewa na wannan makon.

Kusa da shi lambun El Majuelo yake, shiga kyauta. A tsakiyar itatuwan dabino iri-iri za ka ga wasu ramuka na dutse a jere kamar na marina. Masana'antar gishirta kifi ce, wadda ta yi aiki tun kafin zuwan Rumawa, lokacin garin na hannun zuriyar Finikiyawa da suka kafa shi da sunan Seksi. A nan ake tsima kayan cikin kifi da gishiri a fitar da wani ruwan ɗanɗano mai suna garum, wanda a girkin Rumawa yake matsayin daddawa a miyarmu. Daga wannan gaɓar ake loda shi a jiragen ruwa zuwa sassan daular.

Daga lambun ka ɗaga kai, ganuwar San Miguel ce a samanka. Hawan minti goma zuwa sha biyar ne ta lungunan farar unguwa. Wannan ne wurin da ya fi cancanta ka ba shi lokaci. Musulmi ne suka gina mafi yawan katangunsa, kuma a zamanin Banu Nasr akwai gidan sarauta a ciki, wanda har yanzu ana ganin tushensa da na wurin wankansa. Garin ya faɗa hannun sarakunan Kirista a 1489, shekara uku kafin Granada kanta, su ne suka ƙara hasumiyoyi masu kauri na bakin ƙofa. Ɗaya daga cikinsu a karkace take tun luguden wutar da jiragen ruwan Ingila suka yi wa wurin a 1812. Daga baya mutanen gari suka mayar da filin ciki maƙabarta, har cikin ƙarni na 20. Ka tsaya a katangar kudu ka dubi teku: Maroko tana can tsallake, kuma ta wannan ruwan Addakhil ya ɓullo, yana matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba shi da komai sai sunan gidansu. Ni dai ban taɓa jin tarihin Andalus ya matso kusa da ni kamar a kan wannan katanga ba, har da a Alhamra.

A ƙofar ganuwa ka nemi tikitin haɗaka da gidan tarihi, 'yan Yuro kaɗan ne. Gidan tarihin, Cueva de Siete Palacios, yana gangare kaɗan, a cikin wasu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na Rumawa. Ƙarami ne, rabin awa ya isa. Abin da ba za ka so ya wuce ka ba shi ne wata tukunyar dutse ta Masar mai ɗauke da sunan Fir'auna Apofis na ɗaya, wadda ta girmi garin kansa da ɗaruruwan shekaru, fatake suka kawo ta ta teku.

Da la'asar sakaliya ka nufi Peñón del Santo, dutsen da ya raba gaɓar San Cristóbal da ta Puerta del Mar. A gindinsa mutum-mutumin tagulla na Abdurrahman yake tsaye. Akwai matakala zuwa ƙololuwa, inda aka kafa babban gicciye, kuma daga nan ake kallon faɗuwar rana.

In kana da wata safiyar, ka je ka ga magudanar ruwan Rumawa ta ƙarni na 1, mai tsawon kusan kilomita 7. Wani yankinta yana cikin gari a La Carrera, mafi kyawun bakunanta kuma suna cikin gonaki wajen Torrecuevas. Ranar Juma'a da safe kasuwar mako ke ci.

Mataki na 8: Abinci

A wannan ƙasa naman alade yana shiga abinci ta inda ba ka zata ba. Ka rubuta waɗannan kalmomi a wayarka: cerdo, jamón, chorizo, morcilla, lomo, panceta, tocino, da manteca, wato kitsensa. Kafin ka yi oda ka ce "sin cerdo, sin jamón, sin vino", ba alade, ba giya. Dole ka ambaci jamón daban, saboda wasu masu hidimar ba sa lissafa ɗan barbaɗinsa a kan miya ko ƙwai a matsayin nama.

Lardin Granada yana da wata al'ada: in ka sayi abin sha, ko lemo ne, sai a kawo maka ɗan abin taɓawa kyauta, tapa. Karamci ne, amma ba kai ke zaɓa ba, don haka ka faɗi sharaɗinka tun lokacin da kake odar lemon. Kayan zaƙi irin su mantecados da polvorones da kitsen alade ake yin su, kada ka saye su tsaraba.

Mafita ita ce kifi, kuma a nan ba ka yi asara ba. A rumfunan bakin ruwa, chiringuito, ana tsire kifin sadin a jikin tsinke a gasa da itace, kamar yadda mai tsire ke kafa tsinkensa a gefen wuta. Espeto ake ce masa. Abincin rana na ƙayyadadden farashi, menú del día, Yuro 12 zuwa 16 ne. Ana cin na rana daga ƙarfe 2 zuwa 4, na dare ba a fara shi sai 8 da rabi. Wanda ya fito neman abinci da ƙarfe 6 zai tarar da kicin a rufe. Shi ya sa na ce gida mai kicin ya fi: akwai 'yan Maroko da yawa a wannan gaɓar, ka tambaye su mahautar halal, su ne kuma za su nuna maka inda ake Juma'a.

Ka ɗanɗani chirimoya, 'yar uwar gwandar dajinmu ce amma ta fi girma da tsoka. Kwarin da ke bayan garin cike yake da gonakinta, da na mangwaro da fiya. Ana raba ta biyu a ɗiba da cokali, a zubar da ƙwallayen, ba a tauna su.

Mataki na 9: Teku

Gaɓar tsakuwa ce mai duhu, ba lallausan yashi ba, kuma ruwan yakan yi zurfi taku kaɗan daga baki. Yaro kada ya bar hannunka. Tuta kore na nufin a shiga, rawaya a yi hattara, ja an hana. Lambar gaggawa 112 ce.

Gargaɗi ga mai iyali: gaɓar El Muerto da ta Cantarriján wuraren masu wanka tsirara ne, kada ka kai kowa can don ka ga hotonsu ya yi kyau. Ko a sauran gaɓoɓin ma shigar ba irin tamu ba ce. Da sassafe, kafin ƙarfe 10, wurin kusan naku ne ku kaɗai.

Mataki na 10: Salla da ranar Granada

Alƙibla a can gabas ce da ɗan karkata kudu, ba arewa maso gabas da muka saba a gida ba. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, kuma a Yuni magariba tana kaiwa wajen 9 da rabi na dare. Ka sauya garin da ke manhajar lokutan salla tun a filin jirgi.

Ranar Granada ka ɗauki motar ALSA ta safe, wadda za ta kai ka aƙalla awa biyu kafin lokacin da aka buga a tikitinka. Tashar motar tana nesa da fadar, sai ka ƙara da tasi ko bas. Lokacin shiga Palacios Nazaríes ba a ɗaga ƙafa a kansa, wanda ya makara ya rasa. A bangon ɗakunan za ka ga "wa la galiba illallah" an sassaƙa ta ba iyaka, taken gidan Banu Nasr ke nan. In ka fito ka haura unguwar Albaicín, inda babban masallacin Granada da aka buɗe a 2003 yake, dab da dandalin San Nicolás. Daga lambunsa ana hango Alhamra gaba ɗayanta. Ka sayi tikitin komawa tun da safe, kada motar ƙarshe ta cika ba ka ciki.

Mataki na 11: Komawa gida

Ka duba adadin kwanakin da aka buga a bizarka, ba ranar ƙarewarta kawai ba, domin ranar shiga da ta fita duk ana ƙirga su. Wuce kwana ɗaya yana iya ɓata maka nema na gaba. In jirginka na safe ne, ka kwana a Malaga kusa da tashar María Zambrano, don motar farko daga Almunyekar ba lallai ta kai ka awa uku kafin tashi ba.